Bashin naira, cinikin sefa: tambayoyin da ke hana ƴan kasuwar Difa barci

Yau mun kawo muku wata magana da ta taso a shirinmu na rediyo, wadda har muka rufe shirin masu saurare ba su daina bugo waya a kanta ba. Maganar kuɗi ce tsakanin mutanen da suka yarda da juna, irin wadda ba a cika kai wa gaban alƙali ba, amma tana raba zumunci.

Wata baiwar Allah ce ta kira mu daga N'Gelbeli, cikin gundumar Maine-Sorowa, inda take sayar da cuku da man shanu, takan kuma kiwata awaki. Ta ce a watan Janairu na 2023 ta ranta wa wata aminiyarta mai rumfa a kasuwar Difa naira 120,000, babu takarda babu shaida, don tare suka tashi. A lissafinta kuɗin sun kai jika 100 na sefa a lokacin, kuma awakinta ta sayar ta haɗa su. Bayan shekara guda da ƴan watanni aminiyar ta kawo mata naira 120,000 cif, ta yi godiya. Da ta kai wa ƴan canji, ko jika 60 ba ta samu ba. Tambayarta ita ce: an biya ta, ko ba a biya ta ba? Ita kuwa aminiyar, da labari ya kai mata, cewa ta yi abin da ta karɓa shi ta mayar, kuma in ta ƙara ko sisi ta shiga riba.

Aljihu ɗaya, kuɗi iri biyu

Wanda bai san jihar Difa ba zai yi mamakin abin da ya kawo naira cikin wannan magana. Daga Difa zuwa Yamai akwai fiye da kilomita 1300, alhali Damasak tana tsallaken Komadugu, Maiduguri ma ba nisa. Tattasanmu da bandar kifin tafkin Cadi da dabbobinmu can suke tafiya, kayan masarufi kuma daga can suke zuwa. Shi ya sa a kasuwanninmu ake yin tayi da naira, albashi da kuɗin makaranta da na gwamnati kuwa da sefa.

Kuɗin nan biyu ba halinsu ɗaya ba. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro guda sefa 655.957, kuma tun karyewar da ta yi a watan Janairu na 1994, lokacin da aka raba darajarta biyu, ba a sake taɓa ta ba. Naira kuwa ta sha faɗuwa. A 2014 jika guda ta sefa ba ta kai naira 400 ba. Ta faɗi a 2016, ta sake faɗuwa sosai bayan watan Yuni na 2023 da gwamnatin Bola Tinubu ta sake ta ga kasuwa, har a 2024 jika guda ta haura naira 2000. Duk wanda ya ba da bashin naira a tsakanin nan ya san abin da ya same shi.

Mun kai tambayar gaban malamai, sai muka tarar tsohuwar magana ce a littattafan fiƙihu. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa bashi ana biyan sa da kwatankwacin abin da aka karɓa, ko kuɗin sun yi tsada ko sun yi araha. A kan haka ne majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a taronta na Kuwait a 1988. Amma Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya ga cewa idan darajar kuɗin ta canza, darajar ce za a biya. Ke nan aminiyar tana da hujja mai ƙarfi, mai awaki ma ba ta rasa abin kamawa ba.

Abin da bangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne, babu laifi wanda ya ci bashi ya ƙara wani abu don kansa ranar biya, matuƙar ba a gindaya masa sharaɗin haka tun farko ba. To a nan ne muke ganin mafita. Yaya mai rumfa, wadda ta ranta miki ba banki ba ce, awakinta ta kai kasuwa saboda ke. Kin juya kuɗin, kin sayi kaya tun suna da sauƙi, kin sayar bayan sun hau. Ko alƙali bai tilasta miki ba, ku zauna ku raba asarar. Ke kuma Inna mai cuku, ki tuna ba ita ta karya naira ba.

Tsofaffin takardu

A daidai wannan lokaci wata jarrabawar ta sauko mana. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar canza takardun naira 200 da 500 da 1000. An sa wa'adin 31 ga Janairu na 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Mutumin Kano ko Maiduguri yana da bankin da zai kai nasa. Mu da muke wannan gefen iyaka, yawancinmu ba mu da asusu a can, kuɗin suna cikin ƙwarya da ƙarƙashin katifa.

Wanda ke da rediyo da salula ya ji labari da wuri. Makiyayin da ya fito daga daji da rago ɗaya ranar kasuwa bai ji ba. Ga ka da damin tsofaffin takardu, saura kwana 3 wa'adi ya cika, ga mai rago ya sallama maka. Ka ƙirga masa ka yi shiru, ko ka gaya masa? Wasu sun ce ai a ranar kuɗin suna tafiya, saboda haka ciniki ya halatta. Mu dai mun tambaye su: da kai ne mai ragon, za ka so a ɓoye maka? Wanda ya sayar da jaki ya ɓoye gurguntarsa kowa ya san sunan abin da ya yi. Takardar da ka san ta kusa mutuwa ita ma aibinta ke nan.

Daga baya al'amarin ya juya. Ranar 3 ga Maris na 2023 Kotun Ƙolin Najeriya ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma ta cire wa'adin gaba ɗaya. Waɗanda aka tura wa takardun suka tsira da kuɗinsu, waɗanda suka karyar da nasu wurin ƴan canji don tsoro suka yi asara. Sai dai wannan bai wanke wanda ya yi shiru ba, don a ranar da ya miƙa kuɗin bai san kotu za ta yi magana ba.

Bashin tattasai

Noman tattasai a bakin Komadugu yana cin kuɗi kafin ya ba da kuɗi: man injin ban ruwa, takin zamani, maganin ƙwari, ƴan ƙodago. Manomin da ba shi da jari wurin ɗan kasuwa yake zuwa, a ba shi kuɗi tun shuka, a kan zai biya da buhunan busasshen tattasai bayan tsinka. Addini ya san irin wannan ciniki, sunansa salam, kuma yana da sharuɗɗa: a biya kuɗin tun farko, a san adadin buhuna da irin kayan, a san lokacin kawowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen farashi. Mu ɗauka ɗan kasuwa ya san buhu ba zai gaza jika 30 ba lokacin kaka, sai ya yanka wa manomi jika 12 don ya ga idonsa ya yi ja, ruwa na neman yanke wa shuka. Sharuɗɗa sun cika, manomi ya ce ya yarda. Amma yardar mai neman ceton gonarsa ba irin yardar mai zaɓi ba ce. Ɗan kasuwa zai ce shi ma kasada ya yi, kuma gaskiyarsa, don kuɗinsa za su kwanta wata 4 ko 5. Rangwame saboda kasada daidai ne. Abin dubawa shi ne girman rangwamen, da kuma ko za ka iya faɗin farashin nan da ƙarfi a gaban sauran manoma.

Kasadar kuwa mun gan ta da idonmu. Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu na 2015, gwamnatin Mahamadu Isufu ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita sayar da mai da taki, aka rufe wasu kasuwanni, garuruwan bakin kogi da yawa suka tashi suka koma bakin babbar hanya. Sai a watan Oktoba na 2017 aka ɗage hanin tattasai, na kifi kuma a 2019. A wannan shekara ta 2019 Komadugu ta yi ambaliya ta cinye gonaki, Najeriya kuma ta rufe iyakarta daga watan Agusta har Disamba na 2020.

To manomin da ya karɓi kuɗin buhu 10 a ƙarshen 2014, ya wayi gari a bukkar leda ba gona ba inji, yaya za a yi da shi? Bashin bai faɗi ba, yana nan a wuyansa. Amma Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi. Mun san ƴan kasuwar da suka jira shekaru ba su tayar da maganar ba, mun kuma san waɗanda suka bi mutum har sansanin gudun hijira suka karɓe buhun abincin agajin da aka ba iyalinsa. A ɗaya gefen akwai manoman da suka koma gona, suka samu, suka ci gaba da fakewa da gudun hijira. Wanda ya samu hali ya ƙi biya, shi ma ya ci amana, kuma shi ke sa gobe a hana wani talaka rance.

Adashe da wadda ta kwasa

Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan. Mata 20 suna zubin jika guda duk mako, ta 3 ta kwasa, sai rikici ya tashe ta ko jarinta ya karye. Saura mata 17 ba su ɗauka ba. Uwar adashe ce za ta cike gurbin daga aljihunta, ko kowa zai rage abin da zai ɗauka? Mun sha jin inda uwar adashe ta sayar da kayan ɗakinta don kare mutuncinta, alhali ba ita ta ci kuɗin ba. Mun kuma ji inda uwar adashe take juya zubin mata a kasuwancinta kafin ranar ɗauka ba da saninsu ba, tana cewa ai za ta mayar. Kuɗin amana ne, Hajiya. Ranar da kaya suka maƙale a iyaka, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 da ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, da me za ki mayar?

Akwai darasi a tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu har ƙasashe da yawa. Ana ajiye kuɗi cikin akwati mai makullai da ke hannun mata daban-daban, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, ana kuma ware ɗan zubi na musamman don ranar rashin lafiya ko gobara. Wato an yi shawarar ranar wahala tun ba ta zo ba.

Abin da muka tsinta

Idan aka duba duk waɗannan rigingimu, za a ga yawancinsu daga kunya suka faro. Muna jin nauyin ce wa aminiya a rubuta, kada ta ce ba mu yarda da ita ba. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka ga shawararmu.

In za ku ba da rance, ku faɗi da wane kuɗi ne. Mai tsoron faɗuwar naira ya canza ta, ya miƙa sefa hannu da hannu, a biya shi da sefa. Ku rubuta adadi da rana ko a littafin ɗan makaranta ne, ku kira mutum 2 su shaida. Wadda ba ta iya rubutu ba ta sa a naɗi maganar a salula. Masu bashin tattasai ku faɗi girman buhu da irin tattasan, ku kuma yi maganar abin da za a yi in ruwa ya ci gona. Matan adashe ku yanke tun ranar zubin farko wa zai ɗauki nauyin wadda ta gaza. Sannan kowa ya duba tiyarsa, wadda yake saye da ita ta zama ita ce yake sayarwa da ita.

Mai cuku ta sake kiran mu bayan makonni. Ta ce dattawan unguwa sun zaunar da su, aminiyar ta ƙara mata jika 20 da turmin atamfa, ita kuma ta yafe sauran. Ba ta mayar da awakinta duka ba, amma ta ce ranar sunan jikarta aminiyar ce ta fara isowa.

Allah ya ba mu arzikin halal, ya rufa mana asiri, ya zaunar da jiharmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.