Idan Agogon Kwamfuta Ya Tsaya

A wata makarantar sakandare da na koyar a Azare, mun dawo daga dogon hutu muka buɗe ɗakin kwamfuta domin 'yan ajin ƙarshe su fara gwajin jarrabawar JAMB, wadda tun daga shekarar 2015 ba a rubuta ta sai a kan kwamfuta. Aka tayar da janareto, aka kunna na'urori. Uku daga ciki suka ƙi buɗe shafin intanet, suna cewa shafin ba amintacce ba ne. Da muka duba kusurwar fuskarsu, sai muka ga biyu sun koma ranar 1 ga Janairu ta wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ta ukun kuwa tana nan a kan ranar da aka rufe makaranta, ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci, kamar ita ma hutun ta tafi. Wani ya ba shugaban makaranta shawara a sayi sababbin alluna a sa musu. Da an bi shawarar nan, da an yi asarar kuɗi mai yawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A cikin kowace kwamfuta akwai babban allo wanda dukkan sassanta ke haɗuwa a kansa. Masu gyara suna kiransa bod. A kan wannan allo akwai wani ɗan agogo da ba ya barci, ko an kashe kwamfuta ko an ɗauke wuta. Kamfanin IBM ne ya yaɗa wannan tsari da kwamfutar da ya fitar a 1984. Kafin nan, mai ƙaramar kwamfuta yakan rubuta mata kwanan wata da lokaci da hannunsa duk sa'ad da ya kunna ta.

Abu biyu ke tafiyar da agogon. Na farko ɗan ƙanƙanen dutse ne da ake kira kwaz, irin wanda ke cikin agogon hannu. Idan lantarki ya ratsa shi, yakan yi makyarkyata sau 32,768 a cikin sakan ɗaya. Ba da ka aka zaɓi wannan adadi ba. Ku ɗauki alƙalami ku raba shi biyu, ku sake raba abin da kuka samu biyu, ku yi ta yin haka. A karo na goma sha biyar za ku tarar da ɗaya. Haka na'urar take yi, ta mai da makyarkyatar dutsen sakan guda cif. Na biyu shi ne batir mai kama da kwabo, wanda aka rubuta CR2032 a bayansa. Lambar nan ma tana da ma'ana: 20 faɗinsa ne a milimita, 32 kuma kaurinsa, wato milimita 3.2. Ƙarfinsa bolt 3 ne.

Muddin kwamfutar tebur tana jone da soket kuma akwai wuta, agogon ba ya cin batirinsa. Sai an zare waya ko an ɗauke wuta nauyin yake komawa kan batir. Shi ya sa batirin da zai yi shekaru masu yawa a inda wuta ba ta yankewa yake saurin mutuwa a ɗakin da ba a kunnawa sai da janareto, kuma a rufe shi makonni lokacin hutu. Ga shi kuma yawancin kwamfutocin da ke makarantunmu na hannu ne, sun riga sun ci rabin batirinsu a Turai ko Amurka kafin su iso Katagum.

To, me ya haɗa agogo da shafin intanet? Kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida mai ɗauke da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta daina. Kwamfuta takan gwada waɗannan ranaku da nata agogon. In agogon ya ce mata ana shekarar da ba a ma rubuta takardar ba tukuna, sai ta ƙi yarda da ita. Ba ta yi laifi ba, ƙarya aka yi mata.

Mai hankali ba ya fara da sukundireba, da ido yake farawa. Ku lura da yadda Hausa ta bambanta ciwon agogo: akwai agogon da yake gudu, da wanda yake latti, da wanda ya tsaya, da wanda ya koma baya. Kowanne da dalilinsa. Idan bambancin awa ɗaya ne daidai, ko awoyi cikakku ba tare da ɓatan minti ba, to batir lafiyarsa lau; yankin lokaci ne aka saita ba daidai ba. Nijeriya tana gaba da agogon Girinwic da awa ɗaya, kuma kwamfutar da aka kawo daga waje takan zo da lokacin ƙasar da ta baro.

In ba haka ba ne, sai a shiga BIOS, wato ɗan shirin da ke zaune a kan allo wanda ke tayar da kwamfuta tun kafin Windows ta farka. Ana shiga ne ta danna Del ko F2 da zarar an kunna, wasu na'urorin kuma F10. Dalilin zuwa can shi ne, Windows takan gyara lokacinta daga intanet, ta rufa wa agogon asiri. A cikin BIOS kuwa babu mai rufa masa. A zuba wa lambobin sakan ido a ga ko suna tafiya. Sa'an nan a saita kwanan wata da lokaci daidai, a adana, a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga soket, a ba ta kamar minti goma sha biyar. Idan aka dawo aka tarar ta manta, ta koma tsohuwar shekara, batir ne abin zargi na farko.

Kafin a sa hannu ciki, a tabbata an zare waya, a kuma taɓa ƙarfen akwatin. Da hunturu jikin mutum yakan tara lantarki saboda bushewar iska, irin wanda ke sa mayafi ya yi tartsatsi da dare, kuma wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe wani sashe na allo. A tura ɗan ƙarfen da ya riƙe batir, zai yi tsalle ya fito. Mai mita sai ya auna. In ya yi ƙasa da bolt 3 sosai, a canza shi. A dubi mazauninsa kuma, domin ƙurar hunturu da danshin damina sukan haɗu su bar tsatsa a nan, har sabon batir ya kasa aiki. A goge, a sa sabon, gefen da ke da alamar tarawa yana kallon sama. Tsohon kuwa kada a yar da shi inda yaro zai tsinta, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro, yana iya kisa.

Da wannan kaɗai biyu daga cikin kwamfutocinmu suka warke. Ta ukun ce ta ba mu aiki: an sa mata sabon batir, amma lambobin sakan suna nan tsaye cik. A irin wannan hali akan duba wata 'yar hular roba da ke kan ƙananan ƙusoshi uku kusa da batir. Sunanta da Ingilishi ɗaya ne da na rigar nan da muka ara muke kira jamfa. Ana matsar da ita gefe na 'yan sakanni domin a goge abin da BIOS ya riƙe, sa'an nan a mai da ita mazauninta. Wani lokaci wannan yakan tayar da agogon da ya sanƙare, wani lokaci kuma a tarar wani ne ya matsar da hular ya manta bai mayar ba.

Tamu ba ta tashi ba. Nan aikin ɗalibi da malami ya ƙare, na mai gyara ya fara, domin abin da ya rage shi ne dutsen kwaz ɗin kansa, wanda galibi yake cikin wani ɗan bututu mai launin azurfa da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Cire shi sai da narka dalma da hannu marar rawa. Muka kai wa wani mai gyara a cikin gari, ya ciro irinsa daga wani mataccen allo ya liƙa mata. Da ciwon yana cikin babban guntun da ke ƙidayar lokaci ne, da sai dai a canza allon gaba ɗaya. Washegari aka mai da ita ɗakinta, 'yan ajin ƙarshe suka ci gaba da gwajinsu.