Injin rufe ƙwayar magani: inda haɗari yake ga masu aiki a kansa

Duk wanda ya sayi ibuprofen a farmasi, a Maraɗi ko Damagaram, ya ɓalle ƙwaya ɗaya, zai ga tana da santsi da launi. Wannan siririn ɓawon yana ɓoye ɗacin magani, yana kare shi daga danshi da haske, a wasu magungunan kuma yana hana ƙwayar narkewa sai ta wuce ciki ta isa hanji. Akasarin irin waɗannan ƙwayoyi daga waje ake kawo su Nijar, musamman daga Indiya da Sin. Ɗakin da ake yi musu ɓawon yana cikin wuraren da suka fi buƙatar hattara a masana'antar magani.

Injin wata babbar ganga ce ta ƙarfe mai ƙananan ramuka, tana juyawa a kwance. Ana zuba ƙwayoyi a ciki, wasu bututu suna fesa musu ruwan rufi, iska mai zafi kuma tana ratsa su tana busar da shi nan take. A tsohon salon rufin sukari, aikin yakan ci awoyi masu yawa, ƙwayar ta yi nauyi sosai. Rufin zamani kuwa kashi 2 zuwa 4 cikin 100 kaɗai yake ƙara mata.

Babban haɗarin yana cikin ruwan da ake fesawa. Kamfanoni da yawa sun koma haɗa shi da ruwa zalla, amma akwai magungunan da ba su jure ruwa, don haka ake narka rufinsu a alkol ko asetan. Nau'in alkol da ake kira isopropanol yana fitar da tururin da zai iya kama wuta tun zafi yana digiri 12, ke nan ko a sanyin safiyar hunturu a Tawa ya riga ya kai. Idan tururin ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada fashewa. Ya fi iska nauyi, saboda haka yakan kwanta ƙasa-ƙasa, ya bi magudanar ruwa ya taru inda ba a zata ba.

Daga ina tartsatsin zai fito a ɗakin da babu mai kunna ashana? Kowa ya san ɗan tsirgin da mutum yake ji lokacin hunturu idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar roba cikin duhu. Irin wannan lantarkin ne yake taruwa idan dubban busassun ƙwayoyi suna gogar juna cikin ganga, ko ana tsiyaya alkol daga jarkar roba. Shi ya sa ake ɗaure injin da tankuna da wayar da ke sauke lantarkin zuwa ƙasa, ma'aikata su sa takalma da tufafi na musamman, a kuma hana shiga da wayar salula. Fitilu da makunnai ma sai waɗanda aka ƙera a rufe ruf don kada su yi tartsatsi.

Ɗaukewar wuta na da nata haɗarin. Fankar da ke zuƙe tururi ita ce ke hana shi taruwa. Injin kirki an haɗa shi ta yadda da zarar fankar ta tsaya, feshin ma zai tsaya da kansa. Idan wuta ta dawo, ƙa'ida ita ce a bar fankar ta share iskar ganga tukuna kafin a kunna zafi. Gaggawar cike lokacin da aka rasa ce takan sa a tsallake wannan mataki.

Ƙura ma tana fashewa. A ranar 29 ga Janairun 2003, masana'antar West Pharmaceutical da ke Kinston a Amurka, mai yin murafen roba na kwalaben magani, ta tarwatse, mutum 6 suka mutu. Bincike ya gano garin roba ne ya taru a saman silin, inda masu shara ba su gani. A ranar 30 ga Yunin 2025 kuma, fashewa a kamfanin Sigachi a jihar Telangana ta Indiya, wanda ke yin wani gari da ake haɗa ƙwayar magani da shi, ta kashe fiye da mutum 40. Duka biyun ba a injin rufi suka faru ba, amma irin wannan lallausan gari yana taruwa a matatar ƙurar da ke bayan kowane injin rufi.

Sai kuma gangar kanta. Ƙofarta tana da na'urar da ke tsayar da juyawa idan aka buɗe. Ma'aikacin da ya toshe na'urar don ya ɗebi samfuri ba tare da tsayar da aiki ba, hannunsa ya sa a caca. Lokacin wanki ya fi muni, domin mutum yakan zura rabin jikinsa ciki. Dokar aikin ita ce mai wankin ya kashe wutar injin, ya sa kwaɗo a makunnin, ya riƙe mabuɗin a aljihunsa har ya gama.

Akwai cutarwar da ba ta nuna kanta sai an jima. Ƙwaya ɗaya magani ce ga mara lafiya, amma mai lafiyar da ke shaƙar ƙurarta awa 8 kullum yana shan abin da ba a rubuta masa ba. Ƙurar penisilin tana jawo borin jini da asma, ta magungunan hana haihuwa tana rikita sinadaran jiki. Takunkumin takarda ba ya tare tururin alkol, sai mai matata ta musamman. Ƙarar da ta kai desibel 85 tsawon wunin aiki kuma tana rage ji sannu a hankali.

A Nijar, inda kamfanin SONIPHAR ke haɗa magunguna a Yamai, dokar ƙwadago ta ranar 25 ga Satumban 2012 ta ɗora wa mai kamfani nauyin kare lafiyar ma'aikatansa da horar da su kan haɗarin aikinsu. Haɗarin da ya auku a bakin aiki ana kai rahotonsa ga asusun CNSS, wanda ke ɗaukar nauyin jinya da diyyar ma'aikacin da aka yi wa rajista.