Uwargida, Karatun da Kika Ajiye Yana Jiran Ki a Wayarki

'Yar'uwa, ina takardar sakandarenki take? Da yawanmu tana can ƙasan akwati. An yi aure, haihuwa ta biyo baya, maganar jami'a ta koma "sai yara sun tasa". To, wayar nan da ke hannunki za ta iya mayar da ke aji.

Akwai wata jami'a a Amurka mai suna University of the People, wadda Shai Reshef ya kafa a 2009. Duk karatunta ta intanet ake yi, kuma ƙofarta a buɗe take ga ɗalibin kowace ƙasa, matuƙar ya gama sakandare kuma yana jin Turanci. Tana koyar da harkar kasuwanci, ilimin kwamfuta da kimiyyar lafiya.

Kowane kwas yakan ɗauki kimanin wata biyu. Duk mako za a ba ku abin karantawa da tambaya. Ki rubuta amsarki, ki karanta na abokan karatunki ki yi musu tsokaci, su ma su yi miki, malami yana sa ido. Wadda za ta gyara miki kuskure tana iya kasancewa wata uwa ce a Indiya, ita ma da goyo a bayanta. Babu ƙayyadadden lokacin shiga aji. Bayan asuba ne ko sai yara sun yi barci, zaɓi naki ne, amma aikin mako yana da wa'adi.

Sai dai kada kalmar "kyauta" ta ruɗe ki. Ba a biyan kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗin neman gurbi da na jarrabawar kowane kwas, kuma da dala ake biya. Ana iya neman tallafi. Ki haɗa da kuɗin data cikin lissafi.

Idan aikin gwamnati kike hari, ki bincika a Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, matsayin takardar kafin ki biya ko sisi. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana ƙarƙashin hukumar, kuma tana da cibiyoyi a jihohi.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ga gargaɗi: digirin kimiyyar lafiya ba lasisin jinya ba ne. Allura da karɓar haihuwa sai a gaban gadon mara lafiya ake koyon su.

Kafin ki kashe kuɗi, ki fara gwada kanki. Shafin OpenLearn na Open University ta Birtaniya yana da gajerun kwasa-kwasai kyauta. Ki zaɓi ɗaya, ki zauna da maigida ku ware awa guda kullum, ki ga ko za ki kai ƙarshe. Idan kin kai, ki buɗe akwatin nan ki ɗauko takardarki.