Supernatural: Yadda Sam Winchester ya faɗi, ya kuma tashi

In kana cikin masu ƙarar da data wajen sauke fina-finai masu dogon zango, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da Supernatural ba. Shiri ne na Amurka da Eric Kripke ya ƙirƙira, ya fara fita a 2005 ya ƙare a 2020, zango 15, kashi 327. Labarin Dean Winchester ne da ƙaninsa Sam, masu yawo gari-gari a tsohuwar motarsu Impala ƙirar 1967 suna farautar shaiɗanu da dodanni. A zango na huɗu mala'iku suka shigo labarin. Tun da wuri mu faɗa: waɗannan mala'ikun ƙirƙirar marubuta ce, ba ruwansu da abin da addini ya koyar. Tatsuniya ce, ka kalle ta a haka. Kuma in ba ka kalla ba, yi haƙuri, yau zan fasa ƙwai.

Duba Sam da kyau. Da farko shi ne yaron kirki, ɗan boko a jami'ar Stanford, yana burin zama lauya, ya guje wa sana'ar gidansu. Kisan budurwarsa Jessica ne ya dawo da shi. Da Dean ya mutu a ƙarshen zango na uku, Sam ya rasa madafa. Nan fa shaiɗaniya Ruby ta samu ƙofa. Ba ta taɓa ce masa ya aikata sharri ba. Cewa ta yi zai iya ceton mutane, in dai zai riƙa shan jininta ya ƙara ƙarfi.

Ka gane salon? Mugun aboki ba ya zuwa da ƙaho. Sam ya fara ɓoye-ɓoye, ya koma yi wa yayansa ƙarya bayan an dawo da Dean duniya, abin ya zame masa jaraba kamar ta ɗan ƙwaya. Har kulle shi Dean da Bobby suka yi a ɗaki don ya daina, amma ina! Ya fita, ya kashe Lilith yana ganin ya yi jarumta, ashe mutuwarta ce makulli na ƙarshe da ya saki Lucifer. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

To, abin da ya biyo baya shi ne ainihin daɗin labarin. Sam bai tsaya yana cewa "ai Ruby ce ta yaudare ni" ba. Ya amsa laifinsa. Marubutan kuma ba su yi masa sauƙi ba: Dean ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa ya daina yarda da shi, har suka rabu na ɗan lokaci. Zango na biyar kusan gaba ɗaya Sam ya yi shi ne yana neman dawo da wannan amanar, a aikace. A ƙarshensa, a 2010, ya jefa kansa cikin kejin da aka tsare Lucifer don ya rufe ƙofar da shi ya buɗe.

Shi ma Castiel, mala'ikan da Misha Collins ya fito a matsayinsa, girman kai ya kayar da shi a zango na shida, ya daɗe yana biyan bashin.

Yanzu dawo kanka. A Facebook da TikTok, mutum na yin kuskure ɗaya an gama da shi, ko kuma ya saki bidiyon ban haƙuri na minti ɗaya yana jiran a manta. Labarin Sam ya nuna cewa ban haƙuri farkon tafiya ne, sauran aikin na ɗaukar lokaci. In ka ɓata da wani, shin ka shirya jiran da Sam ya yi? In kuma kai aka ɓata wa, za ka bar ƙofa a buɗe kamar Dean?