DOGON HUTU DA KOMAWA BAYA A KARATU: YADDA AKE TALLAFA WA 'YA'YAN TALAKAWA A AMURKA

Gabatarwa

A ƙasar Amurka yaro yakan yi kimanin kwana 180 a makaranta cikin shekara. A yawancin jihohi akan rufe makarantu tsakanin ƙarshen watan Mayu da ƙarshen Yuni, ba kuma za a buɗe ba sai cikin Agusta ko farkon Satumba, watau hutu na wajen mako goma ko fiye. Masu fassara sun saba kiran wannan lokaci da sunan bazara saboda zafinsa, amma a lissafin watanni ya yi daidai ne da daminar ƙasar Hausa. Don gudun ruɗani, a wannan maƙala za a kira shi dogon hutu. Manufar maƙalar ita ce bayyana abin da masu nazari suka gano game da halin da karatun yaro yake shiga cikin wannan hutu, musamman yaron da ya fito daga gidan marasa ƙarfi wanda tun farko karatun nasa bai zauna ba, da kuma dabarun da aka jarraba don tallafa masa. Abin nufi da karatu a nan shi ne iya furta abin da aka rubuta tare da fahimtar ma'anarsa.

Yadda Aka Gano Matsalar

Aikin da ya fara jawo hankalin masana sosai shi ne na Barbara Heyns, wadda ta bi diddigin yara kusan 3,000 'yan aji shida da aji bakwai a birnin Atlanta, ta kuma buga sakamakon a 1978. Dabarar da ta bi mai sauƙi ce. Maimakon a dubi abin da yaro ya ƙaru da shi a shekara ɗungurum, sai ta raba shekarar gida biyu, watau lokacin da makaranta take buɗe da lokacin da take rufe. Ta tarar cewa tazarar da ke tsakanin 'ya'yan masu hali da 'ya'yan talakawa ta fi buɗewa a lokacin hutu. Ta kuma tarar cewa daga cikin dukan abubuwan da yara suke yi cikin hutu, babu wanda ya kai karanta littattafai da zuwa laburare dangantaka da ƙaruwar sanin kalmomi.

A 1982 Karl Alexander da Doris Entwisle na Jami'ar Johns Hopkins suka ɗauki yara kimanin 790 'yan aji ɗaya daga makarantun gwamnati 20 na birnin Baltimo, suna yi musu jarrabawa sau biyu a shekara, farkon zangon karatu da ƙarshensa. Sun ci gaba da bin waɗannan yara har suka girma. A maƙalar da suka buga tare da Linda Olson a 2007, sun bayyana cewa idan aka kai aji tara, wajen kashi biyu cikin uku na tazarar karatu da ke tsakanin yaran gidaje masu hali da na marasa hali ya taru ne daga hutun shekarun firamare. Sun kwatanta makaranta da famfo. Idan yana buɗe kowa yana ɗiba, idan aka rufe shi kuwa, mai rijiya a gida ya ci gaba da sha, maras ita ya zauna da ƙishirwa. Kafin wannan, a 1996, Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike 39, suka ce a matsakaicin lissafi yaro yakan yi hasarar abin da ya kai karatun wata guda cikin hutu. A fannin lissafi hasarar ta shafi kowa, amma a fannin karatu 'ya'yan masu hali sukan ɗan ci gaba ko su tsaya inda suke, 'ya'yan talakawa kuwa su koma baya.

Rijiyar da ake magana a kanta ba wata aba ba ce illa littafi da wanda zai saurari yaro yana karanta shi. Susan Neuman da Donna Celano sun zaga unguwanni huɗu na birnin Filadelfiya suna ƙirga littattafan yara da ake sayarwa a kantuna, suka buga abin da suka gani a 2001. A unguwar da ta fi wadata an sami littafi 13 ga kowane yaro, a wadda ta fi talauci kuwa littafi ɗaya ga yara kimanin 300. Haɗarin wannan ga mai raunin karatu shi ne abin da Keith Stanovich ya bayyana a 1986. Yaron da karatu yake yi wa sauƙi yakan yawaita shi, yawaitawar ta ƙara masa kalmomi, kalmomin su ƙara sauƙaƙa masa karatun. Wanda yake shan wuya kuwa yakan guje shi, gudun ya ƙara masa rauni. A lokacin makaranta malami yana tilasta masa ya buɗe littafi ko yana so ko ba ya so. Cikin hutu babu mai tilasta shi.

Wannan batu ba baƙo ba ne ga masu nazarin adabin Hausa. Lokacin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ɗaya daga cikin dalilan kafa hukumar NORLA a Zariya shi ne samar wa manyan da suka koyi karatu abin da za su riƙa karantawa, domin an lura cewa wanda ya sauke faifan koyo bai sami littafi ba, ba ya daɗewa sai ya koma gidan jiya.

Shakkar da Aka Kawo

Bai kamata a ɗauki alƙaluman Baltimo tamkar yankan wuƙa ba. A 2019 Paul von Hippel na Jami'ar Teksas, tare da Caitlin Hamrock, ya sake duba su, ya nuna cewa akwai matsala a ma'aunin kansa. Jarrabawar da aka yi wa yaro a ƙarshen aji ɗaya ba ita ce aka yi masa a farkon aji biyu ba. Ta biyun ta fi wuya. Ashe ke nan wani ɓangare na abin da aka kira hasarar hutu yana iya zama sauyin takardar jarrabawa ne kawai, da kuma tsohuwar hanyar jera maki da aka yi amfani da ita. Da aka dubi binciken ƙasa baki ɗaya na yaran da suka shiga makaranta a 1998 da 2010, wanda aka auna da hanyoyin zamani, sai aka ga yawancin tazarar tana nan tun ranar da yara suka fara taka makaranta, kuma ba ta ƙaruwa da yawa bayan haka.

Wannan gyara mai muhimmanci ne, kuma ya dace malamai su san da shi, domin har yanzu akan ambaci kashi biyu cikin ukun nan kamar ba a taɓa tuhumarsa ba. Sai dai kuma bai rushe hujjar tallafi ba. Shi kansa von Hippel ya yarda cewa koyon yara yana raguwa ƙwarai cikin hutu, don haka hutun wata dama ce ga na baya ya matso kusa da na gaba. Bambancin kawai shi ne, maimakon a ce ana toshe ramin da hutu ya haƙa, sai a ce ana amfani da hutu don cike ramin da ya riga ya wanzu.

Ba da Littattafai

Hanya mafi araha ita ce a miƙa wa yaro littafi ya tafi da shi gida. Richard Allington da Anne McGill-Franzen sun jarraba ta a makarantu 17 na unguwannin talakawa a jihar Fulorida. Suka zaɓi yara 852 'yan aji ɗaya da aji biyu ta hanyar ƙuri'a, kafin kowane hutu a baje musu ɗaruruwan littattafai kamar kasuwa, kowane yaro ya zaɓi 12 da kansa, a ba shi su ranar rufe makaranta su zama nasa. Aka yi haka shekara uku a jere, aka kwatanta su da wasu yara 478 da ba a ba irin waɗannan littattafai ba. Sakamakon da aka buga a 2010 ya nuna cewa waɗanda aka ba littattafan sun fi sauran maki a jarrabawar karatu ta jiha, kuma amfanin ya fi bayyana ga mafi talauci a cikinsu. Ƙarin ba mai yawa ba ne, amma ya yi kusan daidai da abin da ake samu daga azuzuwan hutu, alhali kuwa kuɗin bai wuce kimanin dala 50 ga kowane yaro a shekara ba. Abin lura shi ne irin zaɓin da yaran suka yi. Sun fi ɗaukar labaran mawaƙa da 'yan wasa da taurarin talabijin da littattafai masu ci gaba kashi-kashi, watau irin waɗanda malamin adabi zai iya yi wa kallon raini. Masu binciken ba su hana su ba, kuma da alama sun yi daidai, domin littafin da aka karanta, komai ƙanƙantar darajarsa, ya fi wanda aka ajiye.

Amma ba ko'ina ne wannan hanya ta ci nasara ba. A wani gwaji da aka yi a Teksas, wanda aka buga a 2012, an aika wa yara 'yan aji uku masu raunin karatu daga gidajen talakawa littattafai takwas-takwas da suka dace da matsayinsu, cikin hutu guda, ba a kuma ga wani bambanci a fahimtarsu ba. Aikin James Kim da Thomas White na 2008 ya taimaka wajen gane dalili. Sun raba yara 'yan aji uku zuwa biyar gida huɗu. Rukuni na farko ba a ba shi komai ba, na biyu littattafai kawai, na uku littattafai tare da horon karantawa a bayyane, na huɗu aka ƙara masa da dabarun fahimta. Kafin hutu malamai suka koya wa yaran yadda za su yi hasashen abin da zai biyo baya a labari, su yi wa kansu tambaya, su sake karanta inda ya shige musu duhu, su kuma taƙaita. Kowane littafi yana zuwa ta gidan waya tare da kati. Yaro zai zaɓi wani yanki mai kalma kamar 100, ya karanta wa wani na gida sau biyu, shi kuma ya sa hannu a katin a mayar. Rukunin littattafai kawai bai bambanta da waɗanda ba a ba komai ba. Rukunin da ya sami cikakken tallafi shi ne ya yi fice. Aikin da aka ɗora wa iyaye a nan saurare ne, ba koyarwa ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga gidan da uwa take aiki biyu a rana ko kuwa Ingilishi ba harshenta ba ne. A 2013 Kim da David Quinn suka tattara shirye-shirye 41, na gida da na aji, suka tarar cewa amfaninsu ya fi yawa a inda mafi yawan yaran 'ya'yan talakawa ne.

A nan wajibi ne a rarrabe masu rauni. Philip Gough da William Tunmer sun nuna a 1986 cewa fahimtar rubutu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, iya mayar da haruffa su zama sauti, da fahimtar harshen kansa. Yaron da ya iya haɗa baƙi amma yana tafiyar hawainiya, yawan karatu magani ne gare shi. Wanda bai iya haɗa baƙin ba kuwa, ko an cika masa ɗaki da littattafai hotuna kawai zai kalla. Shi malami yake bukata. Wannan rukuni yana da yawa a cikin masu koyon Ingilishi saboda yanayin rubutunsa, inda haruffa 26 suke ɗauke da sautuka kimanin 44, harafi ɗaya kuma ya fito da sauti daban-daban. Binciken Philip Seymour da abokansa na 2003 ya nuna cewa a ƙarshen shekarar farko yaran Finlan da Jamus da Italiya suna karanta fiye da kashi 90 cikin ɗari na sanannun kalmomi daidai, masu koyon Ingilishi a Sikotilan kuwa ba su kai rabi ba. Rubutun Hausa na boko ya fi kusa da na rukunin farko, ko da yake yana da nasa cikas, tun da ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, har ya zama sai jimla ce take bambanta gari na mutane da gari na tuwo. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauko alƙaluman Amurka a ɗora wa mai koyon karatu da Hausa kai tsaye.

Azuzuwan Hutu

Ga yaron da yake bukatar malami, abin da ya rage shi ne ajin hutu, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Gwaji mafi girma shi ne wanda cibiyar RAND ta nazarta da kuɗin Gidauniyar Wallace a gundumomi biyar, watau Bostan da Dalas da Pitsbag da Rocesta da gundumar Duval ta Fulorida, a hutun 2013 da na 2014. An shirya wa yaran da suka gama aji uku karatu na mako biyar zuwa shida kyauta, da abinci da mota da wasanni. Da aka kwatanta dukan waɗanda ƙuri'a ta ba gurbi da waɗanda ba ta ba ba, an ga ɗan ƙari a lissafi bayan hutun farko, amma ba a ga wani ƙari bayyananne a karatu ba. Babban dalili shi ne rashin zuwa. Wajen kashi ɗaya cikin biyar ba su leƙa ba ko sau ɗaya a shekarar farko, a ta biyu kuwa kusan rabi ne ba su komo ba. Waɗanda suka halarci kwana 20 ko fiye sun nuna ci gaba a karatu da lissafi bayan hutu na biyu, sai dai ana iya cewa yaran da suka jure zuwa kullum tun asali sun bambanta da sauran, don haka masu binciken da kansu ba su ɗauki wannan a matsayin hujja mai ƙarfin ta ƙuri'a ba.

Abinci ma yana cikin lissafin, domin ɗan talaka a Amurka yana samun abincin rana kyauta ko da rangwame a makaranta, rufe makaranta kuma rufe wannan tukunya ne. Tun 1968 gwamnatin tarayya ta fara shirin ciyar da yara cikin hutu, kuma dakunan karatu da dama sun zama wuraren rabon abincin, inda yaro zai ci ya kuma ari littafi. Amma waɗanda suke isa wuraren rabon kaɗan ne idan aka kwatanta da masu ci a lokacin makaranta, musamman a karkara inda babu mota. Wannan ne ya sa a 2024 aka fara ba iyalai marasa ƙarfi dala 120 ga kowane yaro don sayen abinci cikin hutu, a jihohin da suka amince su shiga shirin.