Yawon Buɗe Ido a Kan Ruwa: Yadda Ƙungiya Za Ta Shirya Tafiya Daga Gwiwa

Da zarar an kammala aikin gona, amfani ya shiga rumbu, ƙungiyoyin matasa da makarantu da tsofaffin ɗalibai a ƙasar Kazaure sukan fara maganar fita ziyara ko yawon buɗe ido. Mafi yawan irin wannan tafiya a mota ake yin ta, a je Kano ko Daura ko Katsina a dawo. Amma akwai masu sha'awar su haɗa da shiga ruwa, su hau kwale-kwale su ga manyan koguna da madatsu, sannan su kwana biyu a birni. Sha'awa ce mai kyau, sai dai tana buƙatar shiri dabam, musamman ga mutanen Gwiwa da Roni da Babura waɗanda ƙasarsu ta tudu ce, kuma da yawansu ba su iya iyo ba.

A ƙasar Masar wannan harka babbar sana'a ce. Baƙi kan sauka a Alƙahira su yi 'yan kwanaki, su wuce Luksor su shiga jirgin da ke bin kogin Nilu zuwa Aswan, tafiyar kwana uku ko huɗu, a ci a sha a kwana a cikinsa. A Mali ma an daɗe ana da manyan jiragen fasinja da ke tashi daga Kulikoro su bi ta Mopti da tashar Kabara ta Tambutu har Gawo, a watannin da kogin Neja ya cika. Mu a Arewa abin da muke da shi shi ne kwale-kwalen katako, na inji ko na filafili, wanda aka ƙera don fito da kamun kifi da kai kaya kasuwa. Don haka duk nauyin da kamfani ke ɗauka a can, a nan yana kan shugabannin tafiya.

Ina za a nufa?

Wuri mafi sauƙi shi ne madatsar ruwa ta Tiga a kudancin Kano, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ƙungiya za ta iya sauka a Kano ta ga Gidan Makama da dutsen Dala da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, washegari ta yi sammako zuwa Tiga ta dawo kafin la'asar. Ga waɗanda ba su taɓa irin wannan fita ba, da nan ya kamata a fara.

Masu ƙarfin aljihu da lokaci suna iya nufar yamma. A yi masauki a Sakkwato, a ziyarci Hubbare da fadar Sarkin Musulmi, a wuce Argungu mai nisan kusan kilomita 100. A can ne ake bikin kamun kifi a Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su a 2016. Akan yi shi wajen Fabrairu ko Maris, da wasannin kabanci da tseren kwale-kwale, ga kuma gidan tarihi na Kanta. Wanda yake son ganin babban ruwa sai ya gangara Yawuri, bakin kogin Neja, ƙasar Gungawa masu bikin Rigata. Tafiya ce mai nisa, dole a yi ta da rana, kuma a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro kafin a tsayar da rana.

Sanin lokacin ruwa

Kogin Neja, mai tsawon kusan kilomita 4,180, sau biyu yake cika a shekara a yankin Yawuri. Cikar farko daga ruwan damina ce na ƙasashen da ke kusa, daga Agusta zuwa Oktoba, kuma ruwan kan zo da laka da ƙarfi da tarkace. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne a tsaunukan Gini, wanda yake bazuwa a faffaɗan fadamun tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sai ya iso Nijeriya a cikin hunturu, daga Disamba zuwa wajen Maris, bayan ya sauke lakarsa a hanya. Shi ya sa baƙo zai yi mamakin ganin kogi cike alhali rabon ƙasar da ruwan sama wata uku.

Ga mai yawon shaƙatawa, damina ba lokacin shiga ruwa ba ce, domin hadari yakan taso da iska cikin ɗan lokaci, igiyar ruwa ta tashi a tsakiyar tafki inda babu mafaka. Farkon damina ma haka yake, lokacin da guguwa ke riga ruwan sama isowa. Daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen hunturu ya fi dacewa, amma a nan ma a kula da ranakun da hazo ya yi kauri har matuƙi ba ya hango gabansa. A tafkin Kainji akwai wani ƙarin haɗari: da aka datse kogin Neja a 1968, ruwa ya shanye garuruwa irin su tsohuwar Busa tare da dazuzzuka, kuma kututturan itatuwan suna nan a ƙasa. Idan ruwa ya ja baya sukan matso kusa da sama, ɗan gari ne kaɗai ya san inda suke.

Me ke kifar da jirgi?

Jirgi yana tsayawa a kan ruwa ne saboda yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Duk mutum mai kilo 60 da ya shiga, sai jirgin ya ƙara nutsewa har ya ture lita 60. Haka tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi za ta yi ta raguwa, har ta kai ƙaramar igiyar ruwa ma ta iya tsallakowa ciki. Ruwan da ya shiga kuwa ba ya zama wuri ɗaya, duk ɓangaren da jirgi ya karkata can yake kwarara, ya ƙara danne shi. Idan fasinjoji suka miƙe tsaye, ko suka taru gefe guda don ɗaukar hoto ko kallon dorina, nauyi ya koma sama da gefe, kifewa ta zo kusa.

Manyan haɗurran da aka yi a Arewa a 'yan shekarun nan, da yawansu jama'ar da ta tashi tare suka rutsa da ita. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, ɗauke da ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau da ke kan hanyar zuwa Mauludi, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara. A watan Mayun shekarar, wani jirgi mai ɗauke da sama da mutum 150 ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi ta jihar Kwara suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Abin da ya haɗa irin waɗannan masifu shi ne lodi fiye da kima, da rashin rigar kariya, sau da yawa kuma da tafiya bayan rana ta yi sanyi. Jama'ar da ta zo tare ba ta son a raba ta, kowa yana cewa a ɗan matsa masa, shi kuma mai fito yana lissafin kuɗinsa.

Abin da shugabanni za su tsayar

Tun kafin a tara kuɗi, a tura mutum biyu su je su ga wurin da idonsu. Su gaida Sarkin Ruwa ko shugaban masu jirage, su nemi matuƙin da aka yarda da shi, su duba jirgin ko yana yoyo, ko akwai filafili idan inji ya mutu. A yi shatar jirgin gaba ɗaya, da sharaɗin ba za a ƙara ko mutum ɗaya ko buhu ɗaya a hanya ba. Idan matuƙi ya ce jirginsa na ɗaukar talatin, a sa ashirin, sauran su jira sawu na biyu ko a ɗauki jirgi biyu.

Kuɗin rigar kariya ya shiga cikin kasafi kafin kuɗin masauki, kowa da tasa, yara da daidai jikinsu, kuma a ɗaura ta tun a gaɓa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sanya ta, ta kuma hana tafiyar dare. A shiga ruwa da hantsi, a fito kafin azahar. A rubuta sunayen matafiya da lambobin danginsu, kwafi ɗaya ya zauna a hannun wanda bai shiga jirgin ba. Idan ɗalibai ne, a samu amincewar iyaye a rubuce, kowane babba a ba shi yaran da zai sa wa ido.

Masaukin birni ma yana da hannu a lafiyar tafiya. Ƙungiyar da ta kwana kusa da ruwa takan isa gaɓa da wuri cikin natsuwa. Wadda ta taso daga nesa a ranar kuwa takan iso a makare, sai a ce tunda an riga an zo bari a shiga ko da yamma ce. Saboda haka a kama ɗakuna tun da wuri, na mata dabam na maza dabam, a bar kwana ɗaya na rara, domin idan gari ya waye da iska a ɗage shiga ruwa a tafi kallon gari. Ma'aji kuma ya ware wani abu don rashin lafiya ko lalacewar mota.

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Muna kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyi a Gwiwa da maƙwabtanta: idan kuɗin da aka tara bai isa shatar jirgi da rigar kariya ga kowa ba, a tsaya a bakin ruwa a yi kallo, a ajiye shiga jirgi sai baɗi.