Wutar da ba a ɗaukewa: Hausawan Kuala Lumpur da rimot ɗin iyakwandishan

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Kanada, akwai ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a bango domin ta riƙa kunna ɗumin gida tana kashewa bisa lokacin da mai gida ya tsara mata. Mazaunin Kuala Lumpur ba shi da buƙatar ɗumama ɗaki, domin birnin yana dab da layin da ya raba duniya biyu, kuma zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 23 da 33 daga farkon shekara har ƙarshenta. Amma wannan na'ura tana hannunsa, a cikin rimot ɗin iyakwandishan, kuma yadda yake sarrafa ta shi ke yanke hukuncin abin da kamfanin wuta na TNB zai karɓa a wurinsa kowane wata. Ga Hausawan da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, da na jami'ar UPM a Serdang, da na UKM a Bangi, da 'yan kasuwa da iyalansu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tushen matsalar daga gida yake. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi bai taɓa zama mai iko da lokacin wutarsa ba. Kamfani ne ke kawowa, kamfani ne ke ɗaukewa, shi kuwa nasa shi ne ya yi maza ya yi caji, ya yi guga, ya kunna duk abin da zai kunnu kafin a ɗauke. Wannan ɗabi'a hikima ce a inda wuta ke wuya, amma asara ce a birnin da za a shafe watanni ba ta ko ƙifta ba. A can gida, ɗauke wuta shi ke kashe maka na'ura ko kana barci. A Kuala Lumpur ba mai kashe ta sai kai, kuma tunda mutum yana mantuwa, yana barci, yana fita aji a guje, hanya mafi tabbas ita ce ya damƙa wannan aiki ga agogon da ke cikin na'urar.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saukar da rimot zuwa 16 da zarar an shigo ɗaki ana gumi. Lambar da ke kan rimot iyaka ce da ake gaya wa na'ura ta tsaya idan ɗaki ya kai ta. A na'urar da ba inbata ba, wato wadda injinta ba ya rage gudu da kansa, injin yana aiki da ƙarfi iri ɗaya ko an sa 16 ko an sa 25. Bambancin kawai shi ne a 25 yakan kai iyaka ya huta, a 16 kuwa da wuya ɗaki ya kai, sai ya kwana yana gurnani, mai ɗakin kuma ya jawo bargo ya ƙudundune. Gwamnatin Maleshiya ta gane haka tun 2011, lokacin da ta ba da umarnin kada a sauke sanyin ofisoshinta ƙasa da digiri 24. Japan ta riga ta da shirin Cool Biz na 2005 wanda ya tsayar da ofisoshi a 28, Indiya kuma daga farkon 2020 ta wajabta wa kamfanoni su fito da sababbin na'urori a saite kan 24.

Akwai kuma abin da jikin Bahaushe bai saba da shi ba. Zafin bazara a Sakkwato yana haura digiri 40, amma busasshe ne, gumi yana fita yana bushewa, shi ya sa shimfiɗa tabarma a tsakar gida ke wadatarwa da dare. Zafin Kuala Lumpur bai kai haka ba a ma'auni, sai dai iskarsa cike take da laima, gumi ba ya bushewa, riga ta manne a baya. Abin da ke damun mutum a nan danshi ne fiye da zafi. Saboda haka digiri 25 tare da fankar sama tana juyawa yakan fi daɗin barci a kan 18 babu fanka, kuma fanka ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na wutar iyakwandishan. Maɓallin da ke da alamar ɗigon ruwa a rimot, wanda yawancin mutane ba su taɓa dannawa ba, aikinsa ke nan: tsotse laimar ɗaki ba tare da an mayar da shi firij ba, musamman a daren da aka sha ruwan sama.

Lissafin kuɗin ma a bayyane yake. Daga 2014 har tsakiyar 2025, TNB yana cajin gidaje hawa-hawa: sen 21.8 (sen shi ne ƙaramin kuɗin ringit na Maleshiya) kan kowane yunit a 200 na farko, amma da an haura 300 sai ya koma sen 51.6. Daga 1 ga Yuli 2025 aka sauya tsarin, sai dai manufar ba ta sauya ba: mai cin wuta kaɗan yana samun rangwame mai tsoka, kuma gidan da bai wuce yunit 600 a wata ba an yafe masa kuɗin hidima na ringit 10 da ƙarin da ake yi idan farashin makamashi ya tashi. Ƙaramar iyakwandishan ta ɗakin kwana tana cin kusan kashi uku cikin huɗu na yunit a awa idan injinta bai huta ba. Awa takwas kowane dare na iya kai yunit 180 a wata, ɗakuna uku sun doshi 540, ba a sa firij da hitar wanka da tukunyar shinkafa ba. Idan aka haɗa da su, gidan ɗalibai uku na iya tsallake 600. Idan kowa ya saita agogo iyakwandishan ta mutu ƙarfe uku na dare, lokacin da gari ya yi sanyi kuma saura 'yan awoyi a kira sallar asuba, fanka ta ƙarasa aikin, gidan ya koma ƙasa da iyaka. Masu mitar zamani kuma suna iya zaɓar tsarin da wuta ke tsada daga biyu na rana zuwa goma na dare a ranakun aiki, ta yi sauƙi a sauran lokuta.

Wani zai ce ai ringit talatin ko hamsin ba su kai a hana ido barci ba. Wannan magana tana da ƙarfi kafin Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Tun daga nan kowane ringit da ɗalibi ya kashe, nairori masu yawa ne iyaye ko albashin malamin da ya zo digiri na uku suka biya, kuma ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wani kuma zai ce masu gyara sun ce na'urar inbata a bar ta a kunne ta fi arha. Gaskiya ne idan fitar ta 'yan mintoci ce, domin inbata tana rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi. Amma sanyaya ɗakin da babu kowa daga safe zuwa magariba ba ya zama tattali ko da wace irin na'ura ce. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu jarirai da masu asma, da kuma lokacin hayaƙin gobarar dazuzzukan Sumatra, irin na 2015 da 2019, wanda ke tilasta rufe tagogi. Su ma ba a ce su kashe ba. Cewa aka yi su tsaya a 25 ko 26, su wanke ragar tace ƙura a kai a kai, domin toshewarta tana ƙara cin wuta tana kuma tara fumfuna.

Abin da ya rage shi ne zamantakewa, kuma nan ne kunyarmu ke jawo mana asara. A gidan haya na haɗaka ana raba bil daidai wa daida, mai kwana da fanka ya biya wa mai kwana a 16, ya yi shiru don kada a ce ya cika ƙwauro, har abin ya taru ya fashe a kan wata magana daban. Gara a zauna tun ranar tarewa a yanke lamba ɗaya da lokacin kashewa ɗaya, a riƙa duba manhajar myTNB tare, kuma kafin a sa hannu a takardar haya a duba taurarin da Hukumar Makamashi ta ƙasar ke maƙala wa kowace na'ura, domin mai taurari biyar ta fi tsohuwa sauƙin wuta nesa ba kusa ba. Ƙungiyoyin ɗalibai da ke tarbar sababbin zuwa suna nuna musu masallaci da kasuwa da tashar jirgin ƙasa. Ya kamata su ƙara da minti goma na koyar da rimot, kafin bil ɗin watan farko ya koyar da su da tsada.